Wa Ya Hau Tsanin? Tsokaci a Kan Kalmar "Escalate" da Fassararta

Duk wanda ya taɓa zama a ajin fassara ya san cewa manyan kalmomin kimiyya ba su cika wahalar da ɗalibi ba, domin in an rasa takwararsu sai a ƙirƙira ko a ara, a wuce wurin. Masu wahalar su ne waɗanda kowa yake tsammanin ya san su, har hannu ya riga tunani wajen rubuta fassararsu. Ɗaya daga cikinsu ita ce kalmar aikatau ɗin nan ta Turanci, "escalate", wadda da wuya rana ta fito ta faɗi ba a ambace ta a labaran ƙasarmu ba, kuma da wuya a mayar da ita wani abu in ba "ta'azzara" ba. Ni mutumin Tsibiri ne ta ƙasar Maradun, na kuwa tashi ina jin ana haɗa sunayen garuruwanmu da wannan kalma a rediyo, har ya zamana in aka ce Maradun ko Bakura ko Talatar Mafara, kunne sai ya shiga jiran "ta'azzara" ta biyo baya. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ɗan tsaya a kanta, in duba asalinta, da abin da take faɗa, da kuma abin da take rufewa.

In mun bi salsalarta, za mu tarar kalmar ba tsohuwa ba ce a Turanci. Tushenta na can nesa shi ne kalmar Latin mai nufin tsani, amma ba ta wannan hanya ta shigo bakin mutane kai tsaye ba. Ta biyo ta kan wata na'ura ce, watau matakalar nan mai tafiya da kanta da ake gani a manyan kantuna da filayen jirgin sama. Kamfanin Otis na Amurka ya nuna irin wannan matakala a babban bajekolin birnin Faris na shekarar 1900, da sunan "escalator", wanda a lokacin sunan kaya ne na kamfanin, har zuwa 1950 da sunan ya zama na kowa. Daga wannan suna ne Turawa suka gutsuro aikatau, wanda da fari ba ya nufin kome sai hawa ita matakalar. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, zamanin da Amurka da Tarayyar Sobiyet suke zaman doya da manja, kowacce tana tara makaman ƙare-dangi, sa'an nan kalmar ta ɗauki ma'anar da muka fi saninta da ita yau, watau rikici ya riƙa hawa daga mataki zuwa mataki, kowane mataki ya fi na bayansa muni. Wani masanin dabarun yaƙi na Amurka, Herman Kahn, ya fitar da littafi sukutum a kan wannan a 1965, inda ya zana tsani mai matakai 44, tun daga cacar baki har zuwa yaƙin da ba ya barin kowa. A wannan shekara kuwa yaƙin Biyetnam ya cika bakin jaridu da kalmar, domin sojojin Amurka a can sun tashi daga kimanin 23,000 a ƙarshen 1964 zuwa fiye da 180,000 a ƙarshen 1965, suka haura 500,000 a 1968.

To, a nan ne nake so mai karatu ya lura da wani abu. Hotuna biyu ne a cikin kalmar, kuma ba su jitu ba. Akwai tsani, akwai matakala mai tafiya da kanta. Tsani ba ya hawa da kowa. Sai mutum ya ɗaga ƙafa ya taka, ya sake ɗagawa ya taka, kuma a kowane mataki yana da ikon ya tsaya ko ya sauko. Ita kuwa matakalar kanti, da ka ɗora ƙafa shi ke nan, ko ka harɗe hannuwa za ta kai ka sama. Nahawun Turanci ya bar ƙofofin nan biyu a buɗe, domin kalmar tana zuwa a matsayin aikatau so-karɓau, a ce wane ya hau da rikici sama, tana kuma zuwa a matsayin ƙi-karɓau, a ce rikici ya hau sama, ba tare da an ambaci kowa ba. A sanarwar hukuma da rahoton jarida, ta biyun ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne: jimlar da ba ta da mai aikatawa ba ta jawo wa marubucinta tambaya.

Hausa ba ta yi talaucin kalmomi a wannan fage ba, sai dai ma a ce yawansu ne yake rikita mai fassara. Muna cewa ciwo ya tsananta, faɗa ya ƙazanta, shari'a ta rincaɓe, zance ya dagule, sata ta yi ƙamari, rigima ta yi tsamari, abu ya ci tura, ya faskara, ya gagari Kundila. Kowacce da inda ta dosa. "Ƙazanta" tana ɗauke da ƙyama, ba a faɗinta sai an soma abin da ido ba ya son gani, galibi jini ya zuba. "Dagule" daga ruwa aka ɗauko ta, tana nuna cewa ba a ƙara ganin ƙasan magana. "Rincaɓe" hayaniya ce da cakuɗewa, kowa yana magana ba mai jin wani. "Ci tura" da "faskara" kuwa ba hawa suke nunawa ba, suna nuna cewa masu neman magani sun gaji. In an lura, babu ɗaya a cikinsu da take da hoton mataki bayan mataki. Wadda ta fi kusa, a ganina, ita ce maganar wuta: a rura wuta, wuta ta ruru, a ƙara mata ice, a zuba mata fetur. Bahaushe ya fi ganin fitina a siffar wuta da a siffar tsani, kuma alherin wannan siffa shi ne duk wanda ya ji an ce wuta tana ruruwa, ya san akwai mai iza ta.

Ita "ta'azzara" da 'yan jarida suka fi so, ba kalmar karkara ba ce. Ban taɓa jin wata tsohuwa a garinmu ta ce ciwon jikanta ya ta'azzara ba; cewa za ta yi jiki ya yi tsanani, ko ya ƙi daɗi. Daga Larabci malamai suka aro ta, inda take nufin abu ya yi wuya ko ya ƙi yiwuwa, rediyo kuma ya ɗauke ta daga zaure ya watsa. Wani abin lura, wanda ni yake ba ni dariya mai ɗaci, shi ne tushenta a Larabci ɗaya ne da na kalmar "uzuri". Ba ina cewa masu amfani da ita sun san haka ba ne, amma dai 'yan'uwantakar ta dace, domin sau da yawa in jami'i ya ce matsalar tsaro ta ta'azzara, uzuri yake kawowa a fakaice, kamar mai ba da labarin fari ko ambaliya. Gaskiya ne a 'yan shekarun nan ana jin wasu suna cewa kaza ya ta'azzara matsalar, su ba ta karɓau, amma kunne bai gama sabawa da wannan ba.

"Tsananta" ta fi ta ban sha'awa ga ɗalibin nahawu. A rubuce kalma ɗaya ce, a baki kuwa biyu ce, kuma karin sauti ne yake raba su, bisa tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya bayyana a 1960. In muka ce "yunwa ta tsananta", gaɓar farko ƙasa take, aikatau ɗin ƙi-karɓau ne, ba wanda ya yi kome. In muka ce "sun tsananta bincike", ko "ya tsananta wa talakawa", gaɓar farko sama take, akwai mai yi, akwai wanda aka yi wa. Ashe ke nan Hausa ta bambanta tsani da matakala mai tafiya da kanta a cikin murya, sai rubutun boko, da ba ya nuna karin sauti, ya haɗe su wuri ɗaya. Haka "dagula" da "dagule", haka "rura" da "ruru", sai dai su wasalin ƙarshe ya tona asirinsu ko a takarda.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan duk wasan ƙwaƙwalwa ne na 'yan jami'a. Mu a ƙasarmu mun ga abin da jimla marar mai aikatawa take iya binnewa, kuma babban misali yana nan kwance a ƙofar gidanmu, watau madatsar ruwa ta Bakolori. An gina ta a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, tafkinta yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, da nufin a shayar da hekta sama da 20,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. A takarda aikin alheri ne, kuma ba mai musun cewa an ci shinkafa da alkama da kayan lambu daga gare shi. Amma in aka ce "rikicin Bakolori ya ta'azzara a 1980", an naɗe shekaru biyar ko shida a cikin kalma ɗaya. Tafkin ya ci gidaje da gonaki da fadamu, aka tashi dubban mutane aka kai su tudu. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin noman rani aka hana su shuka damina bayan damina, domin ana baje ƙasa ana haƙa magudanai. Aka sare itatuwan amfani da iyaye suka bari. Diyya ta yi jinkiri, wadda ta zo kuma ta zo da ƙorafi. Da aka tashi mayar da gonaki, iyakokin da kowa ya sani sun shafe, wani ya sami ƙasa da abin da aka karɓa daga hannunsa. Mutanen da ke gangare, waɗanda suka dogara da ambaliyar gulbi don shinkafa da su, suka wayi gari ruwan ya ragu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mataki ne, kuma kowane mataki akwai ofishin da aka zauna aka yanke shi.

Manoma sun yi ta kai kuka, ba a share musu hawaye ba, har daga ƙarshen 1979 suka shiga tare hanyoyi suna hana aiki. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, Shehu Kangiwa yana gwamnan Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa ƙauyukan, Birnin Tudu na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Adadin matattu da hukuma ta bayar bai kai talatin ba. Masu bincike da mutanen wurin sun ce ya haura 380. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman da Björn Beckman na cikin waɗanda suka rubuta a kan abin, don kada ya bi ruwa. Wannan tazara tsakanin talatin da ɗari uku ita kanta darasi ce ga mai fassara, domin wanda ya iya rage gawa a lissafi, rage mai aikatawa a jimla ba zai yi masa wuya ba.

Akwai wani ƙanen kakana da ya ga wancan zamani da idonsa. Wata rana muna zaune a ƙofar gida da rediyo, mai karanta labarai ya ce matsalar tsaro ta ƙara ta'azzara a yammacin Zamfara. Tsohon ya juyo ya ce da ni, "Kai ɗan boko, mi an nan ta'azzara?" Na ce, "Baba, ai nufinsa wutar ta ƙara ruruwa." Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, wagga wuta, wa yar rura ta?" Ban ba shi amsa ba, shi ma ba amsa yake jira ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, muddin kalmar tana "ta'azzara" bai sami abin tambaya ba sai ma'ana, amma da na mayar da ita wuta, nan take tambayar mai rurawa ta fito da kanta.

Fitinar da ta addabe mu a wannan zamani ma haka ta hau, taki bayan taki, a gaban idon kowa. Wajen 2011 ana maganar satar shanu ne da rigimar gona da burtali. Da aka rasa mai raba gardama da adalci, ƙauyuka suka kafa 'yan sa-kai, su kuma suka shiga hukunci a kasuwa ba alƙali, mai laifi da marar laifi, muddin kamanninsa sun yi daidai da wanda ake zargi. Waɗanda aka kashe wa dangi suka shiga daji suka nemo bindiga. A Afrilun 2014 aka kashe mutum fiye da ɗari a 'Yargaladima ta ƙasar Maru. A 2016 aka turo soja da sunan Harbin Kunama. A 2019 aka hana haƙar zinariya, aka kuma gwada sulhu. Sa'an nan 2021 ta zo mana har gida: ran 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙasar Talatar Mafara, a watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata, ran 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a Kaya, nan ƙasar Maradun. Bayan kwana biyu aka katse layukan waya a jihar, alhali an riga an rufe kasuwannin mako, da fari aka ce na mako biyu ne, ya zarce watanni a wasu wurare. A lokacin ne sunan garinmu ya tabbata a kanmu, muka zama tsibiri na gaske, mai ɗa a Gusau ko Kano ba ya sanin ko yana raye sai wani ya zo da baki. Ba kuwa za a ce yankin ba shi da kowa a sama ba, domin gwamnonin jihar uku daga nan suka fito: Ahmad Sani Yarima na Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talatar Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023.

Harshe ma ya hau nasa tsanin tare da fitinar. Waɗanda aka fara kira ɓarayin shanu sun koma 'yan fashi, suka koma 'yan bindiga, har a farkon 2022 gwamnatin tarayya ta sa musu sunan 'yan ta'adda a hukumance. A ƙauye kuwa sunan sauka ya yi maimakon hawa, domin tsoro ya sa ana cewa "mutanen daji", ko "yaran nan", ko ma "su", a rage murya. "Garkuwa", wadda a da kayan yaƙi ce ta kare kai, yanzu yaro ɗan shekara bakwai ba ya saninta sai a "garkuwa da mutane".

Akwai wata ma'ana ta uku da kalmar Turancin ta samu a ofisoshi da bankuna da kamfanonin waya, wadda ƙamus na da ba su san da ita ba. In ƙaramin ma'aikaci ya kasa warware matsalarka, sai ya ce zai yi mata "escalate", watau zai miƙa ta ga na sama da shi. A nan ba ta'azzara ake nufi ba ko kaɗan, kuma ɗalibin da ya fassara ta haka ya juya zancen a bai-bai. Hausarta ita ce kai magana gaba, ko ɗaukaka ƙara. Wannan tsani kuwa mun daɗe da shi tun kafin Bature: mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa sarki, a gefe kuma ga alƙali. Ni a wurina wannan ma'ana ta uku ita ce mabuɗin sauran biyun. Manoman Bakolori sun fara da hawan wannan tsani ne, kuka daga ofis zuwa ofis, sai da suka ga ba ya kai ko'ina sa'an nan suka tare hanya. Makiyayin da aka cinye wa burtali da manomin da aka cinye wa gero, su ma da akwai inda za su kai magana a yanke ta da gaskiya cikin mako guda, da wuya a ce ɗayansu ya sayar da saniya ko buhu ya sayi bindiga. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Saboda haka in jimlar Turanci ta zo mini da wannan kalma, ba na gaggawar rubuta "ta'azzara". Nakan fara tambaya ko marubucin ya ambaci mai yi. In ya ambata, to, "rura", ko "tsananta" mai farawa da sauti sama, ko "ƙara wa wuta ice" sun fi riƙe amanar zancen. In bai ambata ba, ba hurumin mai fassara ba ne ya ƙirƙiro masa, amma yana da ikon ya zaɓi kalmar da ba ta rufe ƙofar tambaya. "Aka yi ta rura wutar" da "rikicin ya ta'azzara" duka ba su faɗi sunan kowa ba, sai dai "aka" ɗin nan tana shaida cewa akwai mutane a ciki.

Kishiyarta ma, "de-escalate", wadda ta yaɗu a zamanin Biyetnam, tana da nata tarkon. Mukan mayar da ita "lafa", ko "sassauta", ko "yayyafa ruwa", mu ce ƙura ta lafa. Amma a ƙauyuka da dama na yankinmu, in ka ji an ce bana an sami sauƙi, sai ka ƙara tambaya. Sau da yawa nufinsa shi ne gari ya haɗa kuɗi gida-gida ya kai wa mutanen daji, don a bar shi ya yi shuka, zai kuma sake haɗawa in kaka ta yi, don a bar shi ya girbe. Ba a ji ƙarar bindiga ba a wannan damina, mai rubuta rahoto a birni zai ce al'amura sun lafa, mai fassara kuma ya bi shi a haka. Mutanen garin kuwa sun san buhu nawa kowane gida ya sayar.